Numfashin Autana: Huhu Ne Ko Zuciya?

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Daren jiya wajen ƙarfe huɗu tarinsa ya tashe ni. Na same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Na ce, "Auta, lafiya?" Ya ce, "Ba komai Mama, je ki kwanta." Wannan "ba komai" ɗin na ji ta ya fi sau ashirin cikin wata biyun nan, shi ya sa yau na buɗe littafi na soma rubutu.

Shekararsa 15. Asma ta same shi tun yana ɗan shekara 6, mun zauna da ita har mun daina jin tsoronta. Akwai kuma wata ƙara da likita ya taɓa ji a zuciyarsa yana shekara 4, lokacin da zazzaɓi ya kama shi. Aka ce mana irin wadda ba ta da illa ce, ba a ɗauki hoto ba, muka manta da zancen. Yanzu ga yaron da yake wuni a filin ƙwallo, in ya hau bene hawa biyu sai ya tsaya yana haki. Ni kuwa hankalina gaba ɗaya ya koma kan ƙarar nan.

Abu ɗaya nake nema: in san daga ina sarƙewar numfashin take tasowa. Duk lokacin da ta zo zan rubuta ƙarfe nawa ne, me yake yi, wane irin sauti numfashin yake yi, wane magani ya shaƙa, minti nawa ta ɗauka kafin ta lafa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mun ga likita. Kafin ta taɓa shi sai da ta yi mana tambayoyi, kuma na lura kowace tambaya akwai abin da take farauta da ita. Ya taɓa suma yana tsaka da gudu? Ƙirjinsa yana ciwo idan ya motsa jiki? Leɓensa ya taɓa yin shuɗi? Ƙafafunsa suna kumbura? Matashin kai nawa yake tarawa kafin ya iya barci? A danginmu, ta wajena ko ta wajen mahaifinsa, akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa? Duk amsarmu a'a ce. Ta ce waɗannan su ne alamomin da ke sa likita ya zargi zuciya tun kafin a je ga na'ura.

Sai ta saurari ƙirjinsa yana kwance, yana zaune, yana tsaye. Ta ce ƙarar tana nan. Ana auna ƙarfinta daga mataki na 1 zuwa na 6, tasa tana mataki na 2, kuma tana raguwa idan ya miƙe tsaye. Wannan raguwar ta yi mata daɗi, domin akwai wata cuta da ke sa tsokar zuciya ta yi kauri, ita ƙararta ƙaruwa take yi idan mutum ya miƙe. Ta kuma gyara mini fahimta: ƙara ba cuta ba ce, sauti ne kawai, irin shuuu ɗin da ruwa yake yi idan ya bi ta ƙunci da sauri. Wani lokaci akwai matsala a bayan sautin, sau da yawa kuma babu. Kunne kaɗai ba ya yanke hukunci, don haka ta rubuta gwaji huɗu: awon bugun zuciya da ake kira ECG, hoton zuciya da ake kira eko, awon jini, da awon ƙarfin huhu. Ta ce ya ajiye ƙwallo har a ga hoton.

Da ta tambaye shi sau nawa yake shaƙar inhela, wato maganin asma na feshi, a mako, ya ce, "Kaɗan." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ban ce komai a gabanta ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Yau jikina ya yi sanyi.

Ina gyara ɗakinsa na ga inhelolinsa biyu a ƙasan aljihun tebur. Mai ruwan ƙasa, wanda ya kamata ya riƙa shaƙa safe da dare don hana kumburin hanyoyin iska, kusan cike yake, alhali tun watan Afrilu na karɓo masa. Shuɗin kuma, na buɗe ƙirji idan abin ya taso, shi ma da kyar aka taɓa shi. Feshi 200 ke cikin kowane shuɗi, ga nauyinsa nan a hannuna kamar sabo.

Da ya dawo makaranta na zaunar da shi, ban yi faɗa ba. Na mai ruwan ƙasa ya ce ya ga ya warke ne ya bari, kuma ko ya shaƙa ba ya jin wani canji. Da na zo kan shuɗin sai ya yi shiru, can ya ce, "Mama, in na shaƙa shi zuciyata bugawa take da ƙarfi, hannuna yana rawa. Kuma na ji kina gaya wa Baba cewa ƙarar nan ce ta dawo. Ina tsoron kada ya tsayar mini da ita."

Wata biyu ke nan yaron nan yana zaune cikin dare yana kokawa da numfashi, maganin yana nesa da shi taku uku, yana tsoron taɓawa saboda maganar da ta fito daga bakina. Na yi ta a ɗaki ina ganin ba ya ji. Ban taɓa tambayarsa me yake tunani game da zuciyarsa ba. Ina ta auna shi da ido, ban zauna na saurare shi ba.

Na kira likita a waya. Ta ce saurin bugun zuciya da rawar hannu sanannen abu ne ga salbutamol, maganin da ke cikin shuɗin, yana faruwa ga masu lafiyayyar zuciya ma, kuma yana wucewa da kansa. Ta ce da abin da ta ji a ƙirjinsa babu dalilin hana shi, kuma barin hanyar iska a toshe ya fi wannan bugun haɗari nesa ba kusa ba. Na miƙa masa wayar ta maimaita masa da bakinta. Daren yau ya koma kan mai ruwan ƙasa, ina tsaye.

Litinin, 16 ga Satumba

ECG lafiya. Jini ma lafiya, babu ƙarancinsa. Likita ta ce ƙarancin jini shi kaɗai yana iya kawo haki, ya kuma ƙara wa ƙarar zuciya ƙarfi, to wannan ƙofar ta rufe.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ya nuna mata yadda yake shaƙa. Bai girgiza inhelar ba, ya danna kafin ya soma jan numfashi, ya fesar nan take. Ta ce yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Ta ba shi wani bututun roba da ake cusa inhela a gindinsa, sifesa, ta koya masa: girgiza, feshi ɗaya, ja a hankali, riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma, sannan kurkure baki bayan mai ruwan ƙasa don kada fararen ƙuraje su fito masa a baki. Shekara tara muna da asma a gidan nan, yau ne karo na farko da wani ya tsaya ya kalli yadda yake shaƙa.

Mun kuma soma aiki da ma'aunin hurawa. Ya tsaya, ya cika ƙirji, ya hura da iyakar ƙarfinsa sau uku, mu rubuta mafi girma. Da safe 310, da yamma 390. Ta ce irin wannan tazara tsakanin safe da yamma alama ce ta asmar da ba ta kwanta ba.

Talata, 24 ga Satumba

An yi eko. Ya kwanta ta gefen hagu, aka shafa masa wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, likitan zuciya yana zagaya na'urar a hankali. Babu allura, babu ciwo. Sauti ne ake aikawa ya dawo da hoto, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Kusan minti arba'in muka yi. Na ga zuciyar ɗana a allo, ɗakuna huɗu, marafai huɗu suna buɗewa suna rufewa, jini yana wucewa da launin ja da shuɗi. Duk tsawon lokacin ina duban fuskar likitan ina neman abin da zai ɓoye mini.

Da ya gama ya juyo ya ce, "Hajiya, zuciyar yaronki lafiya lau." Na roƙe shi ya gaya mini abubuwan da ya nema bai gani ba, don in rubuta, ya kuwa yi haƙuri ya lissafa. Babu huji tsakanin ɗakunan. Tsokar ba ta yi kauri ba, cutar da ya ce tana samun kamar mutum 1 cikin 500, kuma ita ce ake tsoro ga matasa masu wasanni. Marfin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya yana da ganye uku yadda ya kamata, domin akwai mutum 1 zuwa 2 cikin 100 da ake haifa da ganye biyu. Babu tabo a marafan irin wanda zazzaɓin gaɓoɓi yake bari bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa magani ba. Ya tambaye ni ko ya taɓa yin ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu yana yaro, na ce bai taɓa ba.

To ƙarar fa? Ya ce sautin gudun jini ne a lafiyayyar zuciya, ana jin sa sosai ga yara da matasa marasa kaurin ƙirji, yana ƙaruwa da zazzaɓi ko bayan gudu. Tun 1909 wani likitan yara a Ingila mai suna Joj Sitil ya bayyana wani nau'in irin wannan ƙara, ya ce ba cuta ba ce, har yau da sunansa ake kiran ta. Ba magani, ba dokar hana wasa.

Auta ya tambaya da kansa, "Likita, inhela ba zai cutar da ita ba?" Ya ce, "Ko kaɗan. Shaƙi abinka." A mota na ga ya jingina kansa ya rufe ido. Ni ma sai da na share hawaye.

Asabar, 28 ga Satumba

Daga asibiti nake rubuta wannan.

Mura ta kama shi ranar Alhamis. Jiya awonsa ya sauka zuwa 300, na gani, na rubuta, ban yi komai a kai ba, saboda tun ranar Talata na sa a raina an gama. Ƙarfe biyun dare ya buga mini ƙofa. Ba ya iya haɗa jimla, kalma ɗaya sai ya tsaya ya ja iska. Fatar wuyansa tana lotsawa ciki duk jan numfashi. Ya shaƙi shuɗin ta sifesa, ya ɗan sassauta, bai kai awa ɗaya ba ya dawo. Awo 220. Muka fita ba shiri.

Da aka maƙala masa abin auna iska a yatsa ya nuna 91. Ga mai lafiya daga 95 zuwa sama yake. Suka sa masa iskar oksijin, suka yi ta ba shi salbutamol, suka ba shi ƙwayar rage kumburi da zai sha kwana biyar. Wajen asuba ya koma 96, ya yi barci.

Likitan da ke aikin dare ya faɗa mini abin da ba zan manta ba: idan fiton ƙirji ya ɗauke alhali yaro yana ƙara galabaita, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa har ta yi sauti. Ina zaune a gefen gadon ina tunanin wata biyun da na yi ina fargabar zuciyar da ba abin da ya same ta, ita kuwa asmar da na raina don mun saba, ita ta kawo mu nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An yi awon huhu bayan ya murmure. Ya hura cikin na'ura, aka ba shi salbutamol, aka jira minti sha biyar, ya sake hurawa. Iskar da yake fitarwa a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 15 cikin 100. Likita ta ce daga kashi 12 ake ɗaukar ƙaruwar a matsayin shaida. Ke nan hanyoyin iskar a ƙuntace suke, kuma suna buɗewa da magani. Asma ce, a rubuce.

Ta canza masa tsari. Maimakon biyu, yanzu inhela ɗaya ne mai magani biyu a ciki, budesonid na rage kumburi da fomoterol na buɗe hanya. Zai shaƙa safe da dare, kuma shi ne zai shaƙa idan ƙirji ya ɗaure. Ta ce tun 2019 kwamitin duniya da ke fitar da ƙa'idojin kula da asma, GINA, ya daina ba da shawarar a bar matasa da manya a kan shuɗin inhela kaɗai, domin yana buɗe hanya ne ya bar kumburin yana ci a ƙarƙashi. Wanda yake ƙarar da shuɗi uku ko fiye a shekara yana cikin ƙarin haɗarin mummunan tashi. A ganina wannan tsarin ya dace da ɗan shekara 15 ƙwarai. Yaro ba ya riƙe maganin da ba ya jin aikinsa nan take. Yanzu duk lokacin da ya nemi sauƙi, maganin kumburin ma ya shiga tare.

Ta rubuta mana takardar matakai, na liƙa ta a ƙofar ɗakinsa. Za mu auna komai da mafi kyawun awonsa: daga kashi 80 zuwa sama kore ne, tsakanin 50 da 80 rawaya, a ƙara magani yadda ta rubuta kuma a kira ta, ƙasa da 50 ja, asibiti kai tsaye. Da ina da takardar nan ranar 27 ga Satumba da ban kwana a kan 300 ba.

Wani gargaɗin da ta yi ya shafi duk mai asma da aka taɓa yi wa zancen zuciya. Akwai magungunan rage bugun zuciya da ake kira bita-buloka, irin su furofuranolol, suna iya ƙuntata hanyoyin iska ƙwarai. Kada ya karɓi maganin bugun zuciya daga hannun kowa, kuma duk likitan da zai gani ya fara gaya masa yana da asma. Asfirin da danginsa ma suna tayar wa wasu masu asma, ba duka ba, a lura.

Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta yi ajalin 455,000 a shekarar. Da can da na ga irin wannan adadi wucewa zan yi. Yanzu na san yadda daren yake.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kwana 19 bai farka da tari ba. Awon safe tsakanin 440 da 460, na yamma ya taɓa 480, shi ne mafi girma zuwa yanzu. Don haka korensa daga 384 ne, jansa ƙasa da 240. Shi yake rubutawa da kansa yanzu, ni dubawa kawai nake yi. Ya koma ƙwallo mako biyu da suka wuce.

Sai dai wani abu ya rage, kuma littafin nan ne ya fito da shi. Sau uku ya rubuta cewa numfashi ya sarƙe masa a fili. Da na karanta bayanin sai na ga bai yi kama da na dare ba. Na dare a ƙirji yake, da tari, fiton yana fita ne idan yana fitar da iska. Wannan kuwa ya ce a wuya yake ji, kamar an shaƙe shi, yana zuwa daidai lokacin da gudu ya kai ƙarshen ƙarfinsa, iskar ce ba ta shiga. Da ya tsaya, minti biyu zuwa uku ya wuce, ko ya shaƙi magani ko bai shaƙa ba. Ranar Litinin ya hura ma'auni a bakin fili bayan abin ya faru: 455.

Na ce ya roƙi abokinsa ya ɗauke shi a waya idan ya sake faruwa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Mun kai wa likita bidiyon. Daƙiƙa arba'in ne, ana jin wani sauti mai kaushi duk lokacin da ya ja iska ciki, hannunsa a maƙogwaro. Ta kalla sau uku. Ta ce asmar da motsa jiki ke tayarwa yawanci bayan an tsaya take tsananta, minti biyar zuwa sha biyar, kuma tana iya kai rabin awa ko fiye kafin ta sake shi. Wannan da ke zuwa a tsakiyar gudu ya tafi da an tsaya ya fi kama da matsewar maƙogwaro: igiyoyin murya da naman da ke samansu suna rufowa a lokacin da ya kamata su buɗe sosai. Ana yawan ganin sa ga matasa masu wasanni, yana iya zama tare da asma a jikin mutum ɗaya, kuma inhela ba ya yi masa komai tunda matsalar ba a huhu take ba. Ta ce yara da yawa ana ta ƙara musu maganin asma a kan wannan, a banza.

Zato ne tukuna. Tabbatarwa sai an zura siririyar kyamara ta hanci ana kallon maƙogwaron yana gudu a kan na'ura, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Ta tura mu wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Kafin nan ta koya masa dabara: idan ya ji ya soma, ya rage gudu, ya sassauta kafaɗu da muƙamuƙi, ya ja iska ta hanci a hankali, ya fitar ta tsakanin leɓɓa a tsuke kamar mai hura abu mai zafi. Ta ce masu gyaran magana da murya su ne ke horar da mutum a kan wannan.

A hanya ya ce, "Mama, ashe abu uku ne." Na ce biyu ne, ɗayan sauti ne kawai.

Talata, 3 ga Disamba

Awon makon nan: 450, 465, 460, 470, 445, 460, 475. Duk kore. Ya manta shaƙar dare sau biyu, ya rubuta da kansa cewa ya manta, ban yi masa magana ba, gaskiyar littafin ta fi mini muhimmanci. Ya sa ƙararrawa a wayarsa.

Matsewar wuyan ta zo sau biyu cikin mako biyu. Na farko dabarar ta yi aiki, bai fita daga fili ba. Na biyu ya rikice ya manta da ita, sai da ya zauna. Ya ce tsoron ne yake fara zuwa kafin shaƙewar ta yi ƙarfi, don haka muna gwada numfashin tare da yamma, minti biyar, lokacin da yake cikin natsuwa, har jikinsa ya riƙe shi.

An ba mu ranar ganin likitan maƙogwaro, 14 ga Janairu. Zan tafi da littafin, da bidiyon, da takardar eko don kada a sake komawa kan zancen zuciya. Tambayoyin da na tanada zuwa yanzu uku ne: ko za a iya yin gwajin kyamarar yana gudu, ko toshewar hancin da yake fama da ita da safe tana da hannu a ciki, da kuma wa zai koya masa numfashin yadda ya kamata. Auta ya ƙara ta huɗu da rubutunsa a ƙasa: ko zai iya shiga gasar makaranta a zango mai zuwa.